Zare Kafin Dutse: Sharhi kan Ɗinkin Hannu a Ikara, Maƙarfi da Kudan

  Sharhinmu na yau zai shiga zaure ne ya zarce har tsakar gida, wurin masu allura da zare, kuma hankalinmu zai fi karkata ga ƙananan hukumomi uku na arewacin jihar Kaduna, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan.

Duk wanda aka ambata wa waɗannan wurare, noma ne zai fara faɗo masa a rai: raken Maƙarfi da mazarƙwailarta, tumatirin Ikara da har aka kafa masa kamfanin sarrafawa, da inabin da ya fito da sunan Kudan a 'yan shekarun nan. Amma akwai wata sana'a da ba a loda ta a mota ranar kasuwa kowa ya gani, alhali ita ke sayen sabulun wanki a gidaje da yawa, ita ke biyan kuɗin Laraba, ita ke tara wa yarinya kwanuka da zannuwa kafin biki. Ina nufin ɗinkin hannu: aikin hula, aikin wuyan riga, surfanin zanin gado da rigar matashi, sai kuma wanda ya shigo da ƙarfinsa yanzu, kwalliyar duwatsu a jikin mayafi da leshi da abaya. Daga Hunƙuyi zuwa Likoro, daga Gubuci zuwa Gazara, daga Paki zuwa Aucan, sana'a ce da uwargida ke yi ba tare da ta taka ƙofar gida ba, saurayi kuma ya yi ta a gindin bishiya idan ya taso daga gona.

Akwai abin da ke damuna, shi ya sa na ɗauko maganar. Tun da yayin duwatsu ya kankama, an fara sakaci da ainihin ɗinkin. Yarinya za ta koyi jera dutse cikin 'yan kwanaki ta ɗauka ta gama koyon sana'a, alhali ba ta iya daidaita jan zare ba. Wasu ma sun ajiye allurar gaba ɗaya, gam kawai suke ɗigawa su manna. Ni ban ƙi dutse ba, ina son ganinsa idan ya zauna inda ya dace. Amma matsayina shi ne zare ke gaba, dutse na biye. Wadda ba ta iya allura ba, dutse zai rufa mata asiri na 'yan kwanaki ne kawai, wanki ɗaya zai tona.

Mu tuna inda muke zaune. Waɗannan ƙananan hukumomi uku ƙasar Zazzau ce, kuma birnin Zariya na cikin wuraren da suka fi ko'ina suna a aikin babbar riga a ƙasar Hausa. Rigar da iyayenmu suka sani ba aikin mutum ɗaya ba ce. Masaƙi ya saƙa, tela ya haɗa ƙyallaye, mai zayyana ya zana hoton aikin a jikin aljihu da wuya da baya, mai ɗinki ya zauna a kai wata da watanni, daga ƙarshe a kai wa masu bugu su daka ta a kan gungume har ta yi sheƙi. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi, shabka, ga kuma malum-malum da aiki ke lulluɓe ta gaba da baya. Zaren ma da darajarsa. Akwai tsamiya, silikin da ake samu daga saƙar wata tsutsa ta daji, akwai alharini mai jan launi da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus a da. Duk wannan ƙasaita, babu ƙwayar dutse ko ɗaya a cikinta. Zare ne kawai da haƙuri.

Mutanen waje sun ga darajar abin tun da daɗewa. Wani Baturen Ingila mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, a kan surfanin tufafin Hausawa ya yi digirinsa na uku, kuma a 1976 ya shirya baje kolin fasahohin Hausawa a birnin Landan. A 1994 kuma aka kafa ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu a birnin Zariya mai suna Queen Amina Embroiderers, tare da Elisha Renne, wadda daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Michigan ta Amurka. Matan nan sun ɗauki zanen babbar riga suka sauke shi a kan rigunan matashi da shimfiɗar tebur da tufafin mata, suka samu masu saye har a ƙasashen waje. Aikin riga a da na maza ne, matan Zariya suka shige shi suka ƙware. Daga Hunƙuyi zuwa birnin Zariya ba wata tafiya ba ce, don haka babu dalilin da zai sa a ce abin da ya yiwu a can ba zai yiwu a nan ba.

Shi ma dutsen ado ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san murjani da tsakiya da jigida. Masagan Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsu da awarwaro, kuma 'yan kasuwa sun yi ta shigo da na birnin Banis na Italiya da na ƙasar Cek. Sai dai mu mun fi sanin a zura su a zare a sa a wuya ko hannu ko ƙugu. Ɗinka su a jikin yadi, irin yadda Yarabawa suka daɗe suna yi wa kambin sarakunansu, bai yi ƙarfi a wurinmu ba sai da yayin leshi da abaya ya zo. Sabon abu ne a hannunmu, shi ya sa ya kamata a koye shi da kyau.

To, uwargida, matso kusa da rediyo, ga inda maganar take.

Aiki yana lalacewa ne tun kafin a zura allura. Yadin auduga yana tsukewa idan ya sha ruwa. Idan kika yi aiki a kan sabon yadi ba ki wanke shi ba, ranar wankin farko yadin zai tsuke, zaren ya ƙi bin sa, sai ki ga aikin ya yi tudu da kwari. A wanke, a shanya, a goge, sannan a yi zayyana. Ita kuma zayyanar a guji yin ta da biro, domin tawadarsa tana malala cikin farin zare idan ta haɗu da ruwa ko gumi, ba ta kuma fita. Fensir mai tsini ya wadatar a farin yadi, alli ko guntun sabulu a kan baƙi.

Sai zare. Kasuwa cike take da zare mai arha da ke zuba. Gwajinsa ba shi da wuya: yanki ɗan guntu, musamman ja da shuɗi da kore, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi, ki matse shi a cikin farin ƙyalle. Idan ya bar launi, to hular da za ki shafe makonni a kanta haka za ta yi a hannun mai wankin hula, kuma sunanki ne zai ɓaci, ba na mai kanti ba. Manyan kamfanonin zare irin su Anchor da DMC, wanda asalinsa na garin Mulhouse ne a Faransa tun 1746, kowane launi lamba suke ba shi. Kada ki jefar da 'yar takardar da ke naɗe da zaren. Idan ya ƙare a tsakiyar aiki, lambar za ki ba ɗan aike, ba ki ce masa ya sayo "ruwan ƙasa mai ɗan haske" ba, ya dawo miki da abin da bai yi kama ba. Ko da hakan, gara a sayi wanda zai isa aikin gaba ɗaya a lokaci guda, saboda rini na iya ɗan bambanta daga wannan kwali zuwa wancan.

Tsawon zaren da ake zurawa a allura kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45. Na san masu sauri suna yanko dogo don kada su yi ta zura allura. Amma duk shigar da zare ya yi cikin yadi ya fito gogewa yake yi, kafin ya kai ƙarshe ya yi gashi, sheƙinsa ya mutu, sai aikin ya fito wani wuri na ƙyalli wani wuri ya dushe. Irin zaren nan mai sili shida kuwa, a zare silin ɗaya bayan ɗaya sannan a haɗa adadin da ake so, biyu ko uku, zai fi kwanciya lumui. Idan kika ji ya fara murɗewa, saki allurar ta yi lilo, zai warware da kansa.

Babban sirrin aikin shi ne jan zare. Wadda ta ja da ƙarfi, yadi zai tattare. Wadda ta sake da yawa, zaren zai yi kunnuwa ya riƙa kama abu. Babu mai iya koya miki wannan da baki, hannu ne ke sabawa, shi ya sa nake ba kowace mai koyo shawarar ta ware ƙyalle guda na gwaji, ta cika shi da layukan sarƙa da cike da huda kafin ta taɓa kayan mutane. A aikin da zare ke rufe yadi gaba ɗaya, kamar hular zanna ko damanga ko ƙube, kowane ɗinki ya kwanta ta fuska ɗaya da ɗan'uwansa. Idan aka juya a tsakiya, haske zai faɗa wa wurin dabam, a ga kamar an canja launi. Yadi mai laushi kuma a ɗaure shi a zoben katakon nan na surfani ya miƙe, amma a kwance shi duk lokacin da aka tashi, kada ya bar sawu.

Ku lura da dillalin hula wanda ya san aikinsa idan aka miƙa masa sabuwa. Ba ya tsayawa kallon fuskarta. Yatsunsa biyu yake zurawa ya kifa cikinta waje, ya ɗaga ta sama ta fuskar rana. Abin da yake nema uku ne: ƙulle-ƙullen zare, zaren da aka ja daga wannan fure zuwa wancan ta baya don ƙyuyar yankewa, da wuraren da haske ke ratsowa saboda cike bai cika ba. A nan yake yanke kuɗi, kafin mai hula ta ce uffan. Maganin ƙulli shi ne a bar ɗan wutsiyar zare ta baya a danne ta da ɗinkin farko guda huɗu ko biyar, idan an gama kuma a soke allura ta ƙarƙashin ɗinkin da aka riga aka yi, a ja, a yanke. Bayan aiki ya fito tsaf kamar gabansa.

Sai an gama duk wannan, an wanke, an goge, idan na bugu ne an buga, sannan dutse zai shigo. Wanda ya sa dutse kafin ya gama aikin zare, zarensa zai yi ta sarƙewa a jiki, kuma ya rufe wa kansa ƙofar guga da bugu.

Duwatsun nan ba ɗaya ba ne. Akwai na gilashi, akwai na roba, akwai wanda launinsa na cikin jikinsa, akwai wanda fenti aka shafa masa. Kankare ɗaya da farce, ki jiƙa kaɗan a ruwan sabulu su kwana. Wanda ya ɓare ko ya koɗe, a bar shi a kasuwa komai arharsa. Ƙananan nan masu kama da ƙwayar gero da lamba ake sayar da su, kuma yadda lambar ta ƙaru haka dutsen ke ƙanƙancewa, wato lamba 11 ta fi lamba 8 ƙanƙanta. Na kamfanonin Japan irin su Miyuki da Toho sun yi suna wajen daidaituwar girma, na Cek ma suna da kyau. Masu arha kuwa sai an zauna an tsince, a fitar da masu karkataccen jiki da masu kaifin baki, domin kaifin nan shi ke yanke zare daga baya. Zuba su a kan faranti da aka shimfiɗa wa tawul, ba za su yi ta gangarewa ba.

Allurar surfani ba ta shiga hudar ƙaramin dutse. Akwai siririyar allura doguwa ta musamman, mai lamba 10 zuwa 12. Zaren surfani ma ba shi ne na dutse ba, ba shi da ƙarfin riƙe nauyi. A nemi zaren ɗinki mai ƙwari, na nailan ko foliyesta, mai launin yadin, a ninka shi biyu, a ja shi a kan kakin zuma don ya yi santsi ya daina sarƙewa. Kowane dutse mai zaman kansa a bi ta cikinsa sau biyu. Idan layi ake ja, ɗauki uku a allura, kwantar da su, soka ƙasa, ki dawo ta baya ki sake bi ta cikin na ƙarshen kafin ki ɗauki wasu ukun. Bayan kowane ɗan taƙi ki ɗaure ta baya. Amfanin wannan shi ne ranar da zare ya tsinke a wurin biki, dutse uku ko huɗu ne za su faɗi, ba layin gaba ɗaya ya zube a tabarma amarya na kallo ba.

Akwai kuma maganar nauyi, wadda da yawa ba sa lura da ita. Siririn mayafi ba ya ɗaukar manyan duwatsun gilashi, zai zazzago gefe ɗaya, hudar allura ta buɗe ta zama yagewa. Ko a rage, ko a sa wani ƙyalle ta ciki ya tallafa. Kada a sa dutse inda ake zama a kai, ko ƙarƙashin hammata, ko inda goyo ke gogawa. Kayan jarirai kuwa ina roƙon iyaye mata da a bar su babu dutse sam, domin yaro komai ya ɓalle baki yake kaiwa, ko hanci. Wajen wanki, a juya rigar, a wanke da hannu a ruwan sanyi, kada a murɗe. Wajen guga, a kifa ta a kan tawul mai kauri a goge ta baya, kuma dutsen guga na gawayi da ya yi jajir narka na roba yake yi nan take.

Nawa ne ya isa? Ni a ganina, idan aka tsaya daga ƙofar ɗaki aka ga ƙyalli kawai ba a ga zanen ba, an zarce. Dutse kamar gishiri yake a miya. Ƙwaya ɗaya a cibiyar fure, siririn layi a gefen dagi, 'yan kaɗan a bakin hannu, sun fi kyau da tsada a ido fiye da mayafin da aka cika har ba a iya naɗe shi.

Ina za a samu kaya da ilimi? Kasuwar Sabon Gari ta Zariya na kusa, Kano ma ba nisa, ga Kantin Kwari ga Kurmi. Abin da ke cinye ribar mai aiki a ƙauye shi ne sayen zare ɗaiɗai a hannun na uku ko na huɗu. Mata goma da ke adashi tare za su iya haɗa kuɗi su tura amintacce guda ya sayo kwali, a raba. Wayar hannu ma makaranta ce yanzu, akwai bidiyoyin koyon ɗinki birjik a YouTube da TikTok, ko ba ki jin harshen mai magana, hannunta za ki kalla. Amma malamin da ya fi duka yana cikin adakar gidanku: tsohuwar rigar kaka, tsohuwar hular baba. A fito da su, a juya bayansu, a ƙirga ɗinkin, a ɗauki hotonsu, a kwafi zanen a takarda a adana. Dattijan da suka iya zayyana da hannu suna ƙarewa, kuma duk wanda ya rasu ba a kwafi zanensa ba ya tafi da shi. A Samaru akwai sashen koyar da zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karantar da fasahar yadi. Ya kamata ɗalibansa 'yan asalin Ikara da Maƙarfi da Kudan su riƙa komawa gida da wannan aiki na tattara zane.

Kada mu yaudari kanmu game da keken kwamfuta. Abin da hannu zai yi a wata guda, shi zai fitar da shi kafin la'asar, ga hulunan inji sun cika kasuwa a kan kuɗi kaɗan. Mai aikin hannu ba za ta taɓa cin wannan tsere da sauri ko da arha ba. Abin da ya rage mata shi ne inganci: hular da za ta sha wanki shekara da shekaru tana ƙara kyau, dutsen da ba ya zuba, zanen da ba kowa ke da irinsa ba. Wanda ke neman irin wannan yana nan, kuma yana biya. Saboda haka ki rubuta kuɗin yadi, kuɗin zare, kuɗin dutse, da kwanakin da kika yi a kai, kafin ki faɗi farashi. Da yawa daga iyayenmu mata kuɗin kaya kawai suke lissafawa, su bar wahalarsu kyauta, dillali ya kwashe. Ki kuma kula da idonki, shi ne jarin. A yi aiki da hasken rana a inuwa, a riƙa ɗaga kai ana duban nesa, a daina ɗinki da fitilar waya da dare. Idan shekaru sun kai arba'in aka ga hudar allura ta fara ɓacewa, a je asibiti a gwada ido a karɓi tabarau, ba abin kunya ba ne.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan: idan za a shirya horon sana'a ga mata, kada a tsaya ga raba keken ɗinki da ɗaukar hoto. A nemo gwanayen aikin hannu na cikin garuruwan nan da na birnin Zariya, a biya su su koyar, a kuma ware wa masu aikin rumfa a ranar kasuwa inda za su sayar da kansu ko ta hannun wakiliyarsu. Malaman Islamiyyar matan aure, ku ba wannan sana'a awa guda a mako. Kai kuma maigida, da kai mai sayen hular Sallah, idan aka kawo maka aikin hannu ka juya bayansa ka ga tsaf, ka biya kuɗinsa ba tare da ka karya shi ba.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Wadda ta ji wannan sharhi ta isar wa maƙwabciyarta da ba ta kusa da rediyo.